Hatimi

Shekara goma sha tara ina riƙe da hatimin nan
a ofis mai lamba shida, bayan rumfar masu fotokwafi.
Fanka tana tari, tawada tana bushewa.
Aikina guda ne: in dubi suna, in dubi fuska,
in ce wannan ɗan gida ne, wancan ya nemi gidansu.

Ranar Talata Alzuma ya shigo, hula a hannu.
Na san shi. Shi ya haƙa rijiyarmu a Rigasa,
gaba goma sha huɗu, igiya ɗaure a ƙugu,
ya fito da laka har gira yana dariya.
Bayansa 'yarsa Barira, takardu cikin leda,
kiredit takwas, har da lissafi.
Unguwarzoma take so ta karanta,
aka ce ba tallafi sai da shaidar asali.

Na ce, ina aka haife ki?
Ta ce, Tudun Wada, shekarar da kogi ya ci gidaje.
Na ce, babanki fa?
Alzuma ya dubi ƙasa kamar mai neman jijiyar ruwa.
Tawa, in ji shi, amma tun ina saurayi...
Fom ɗina ba shi da gurbin amma.

Da dare a teburin mai shayi
rediyo na kumfar baki kan rufe iyaka.
Tanimu direba ya daki benci:
Su suka cika mana aji, yaro ɗari a ɗaki guda!
Su suka shanye maganin zazzaɓi!
Gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa?
Ban ce ƙarya yake ba.
Na ga ɗansa zaune a ƙasa, littafi bisa gwiwa,
aji ba taga, malami ba albashi,
matarsa ta kwana uku a barandar asibiti.

Ishaya, wanda masaƙar Kakuri ta sallama ba sisi,
ya hura kofinsa, ya daɗe bai kurɓa ba.
Da injin yana kuka, in ji shi,
wa ya tambaye ni tsagar fuskar kakana?
Bazabarme na dama, Bayarabe na hagu,
auduga ɗaya muka shaƙa, tari ɗaya muke yi.
Sai da tukunya ta ƙone
aka fara duban hancin mai miƙo hannu.

Tanimu ya ce, wa'azi ba ya sayen benci.
Mai shayi ya ƙara wa rediyo murya.

Ni dai na yi shiru, don kakana ma
bayan jirgi ya biyo daga Bida, da katakon dogo a kai,
ya kafa bukka inda yanzu nake cewa namu.
Wani magatakarda, ban san sunansa ba,
ya buga wa babana hatimi wata safiya,
watakila don ya ci ya ƙoshi, watakila don goro.
In asali ake nema a garin nan
a tambayi Gbagyi da aka yi ta turawa gaba,
a tambayi kadojin da ke ƙarƙashin gada.

Na san doka. Na san ana korar mutum kan ƙasa da haka.
Saura mini shekara huɗu in karɓi fansho.

Na ce musu su dawo Alhamis.
Fayil ɗin yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin kwanon abincina.
Yau Laraba. Asuba ta yi,
na zura guga, ya daɗe yana sauka,
ruwan ya zo da sanyi, garau, ba ko tsiyaya.
Na wanke hannun dama sau uku.
Tawadar tana nan a babban yatsa.